Ina zafin ya tafi? Shawarwari kan wasannin kwamfuta masu kimiyyar gaske

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Kemistiri nake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare. Makon jiya ina bayanin yadda wutar lantarki ke raba ruwa zuwa oksijin da haidurojin, ban gama rubuta lissafin a allo ba sai wani yaro da ba ya cika magana a aji ya ɗaga hannu ya ce kilo ɗaya na ruwa zai ba da giram 888 na oksijin da giram 112 na haidurojin. Na ƙarasa lissafina, na samu 889 da 111. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce a gem. Tun ranar abin yake raina. Don Allah waɗanda suka san harkar, waɗanne wasanni ne ke ɗauke da ilimin zafi da na sinadarai na gaske? Ku haɗa mini da inda suke kauce wa gaskiya, don ba na so in tura yara su kwaso kuskure su dawo ina fama da gyara.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malama. Yaron nan Oxygen Not Included yake bugawa, ko tantama babu, lambobin injin raba ruwa na cikin wasan ke nan. Kamfanin Klei na Kanada ne ya yi shi, ya fito cikakke a 2019. Ana ba ki 'yan mutane uku a cikin wani dutse a sararin samaniya, ki samar musu da iskar shaƙa da ruwa da wuta. Aikina na yau da kullum na'urorin sanyaya wuri ne, kuma ban ga wasan da ya kama zuciyar wannan aiki kamarsa ba.

Abin da ke faruwa da duk sabon shiga iri ɗaya ne. Kwanakin farko hankali yana kan oksijin. Ana samun oksijin, a kafa janareta, a kafa batura, a kafa injin tace ƙarfe, komai yana tafiya lafiya. Can sai shukoki su daina girma. A duba, sai a ga ɗakin ya yi zafi. Kowane inji da aka kunna tun farko yana ta zuba zafi kaɗan-kaɗan, kuma babu taga da za a buɗe ya fita, dutse ne ta ko'ina. Shi kansa injin raba ruwan, iskar da yake fitarwa ba ta gaza digiri 70. A nan mutum yake gane cewa babu wani abu wai shi "ƙera sanyi". Ɗauke zafi kawai ake yi daga nan a kai can. Injin sanyaya ruwa na wasan, Aquatuner, yana rage wa ruwan da ya bi ta cikinsa digiri 14, amma duk zafin da ya cire a jikinsa yake tarawa. In ba a tanadi inda za a kai shi ba, injin ya ƙone. Daidai da firji: sa hannu a bayansa ki ji. Shi ya sa barin ƙofar firji a buɗe ba ya sanyaya ɗaki, ƙara masa zafi ma yake yi.

Ni da tambaya ɗaya nake auna kowane wasa: ina zafin ya tafi? In wasan yana da amsa, akwai abin koyo a cikinsa.

Sadiq: Yaya Bashir ka riga ni. Malama ki ƙara da taswirar zafi da ke cikin wasan, maɓalli ɗaya za ki danna ki ga duk sansanin da launi, ja wurin zafi, shuɗi wurin sanyi. Kuma kowane abu da nasa lambobin, yawan zafin da yake iya riƙewa da saurin da yake miƙa shi. Ruwa 4.179 aka rubuta masa, irin na littafinmu. A nan na fara gane dalilin da ya sa ake sanyaya inji da ruwa maimakon iska.

Mubarak: Ni fa ina da ja. Na daɗe ina buga wasan nan kuma ina son sa, amma a faɗa wa Malama gaskiya tunda ita ta nema. A cikinsa kowane ɗan gida na taswira iska iri ɗaya tak yake ɗauka, saboda haka iskoki ba sa gauraya. Haidurojin ya hau sama, oksijin a tsakiya, kabon-dayoksaid ya kwanta a ƙasa, kamar an jera su da hannu. Da haka duniya take, da duk muna tafe cikin kabon-dayoksaid har gwiwa. Iskar gaske gauraye take, kuma in ta gauraya ba ta rabuwa da kanta. Yaron da ya saba da wasan zai iya shiga jarrabawa da wannan hoton a kansa.

Malama Hadiza: Madalla Mubarak, irin abin da nake nema ke nan. Sai dai akwai ɗan gaskiya a ciki da ya kamata a ware. Kabon-dayoksaid nauyinsa 44 ne, iska kuwa kusan 29, saboda haka in ya fito da yawa lokaci guda a wurin da iska ba ta kaɗawa, yana kwanciya a kwari ko rami kafin ya gauraya. Abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru ke nan a watan Agustan 1986, iskar ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta gangara cikin kwaruruka, mutane fiye da 1,700 suka rasu. Allah ya jiƙansu. To wasan ya ɗauki abin da ke faruwa na ɗan lokaci ya mai da shi doka ta dindindin. Wannan kaɗai darasi ne guda.

Injiniya Bashir: Amin. Ƙanena Mubarak ya yi gaskiya, kuma bari in ƙara masa biyu da suka fi wannan damuna.

Na farko, tururi. A zahiri ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kilojul kusan 418, amma mayar da wannan ruwan da ya riga ya tafasa zuwa tururi yana cin kusan 2,257, fiye da ninki biyar, alhali ma'aunin zafi bai motsa ba ko digiri ɗaya. Wannan ɓoyayyen zafi shi ne ginshiƙin firji da na'urar sanyaya ɗaki da ma gumin jikin mutum. Wasan bai lissafa shi yadda yake ba, ruwa yana wuce ma'aunin tafasa da 'yan digiri sai kawai ya koma tururi.

Na biyu kuwa, Malama, ki ba ɗalibanki su lissafa da kansu, za su ji daɗinsa. Aquatuner yana cin wat 1,200. Bututu yana kawo masa kilo 10 na ruwa a kowace daƙiƙa, ya rage masa digiri 14. A ninka 10 da 14 da 4,179, wato jul ɗin da ke ɗaga kilo ɗaya na ruwa digiri ɗaya, a ga jul nawa yake kwashewa a daƙiƙa. Amsar tana kusa da 585,000. Wato da wat 1,200 yana ɗauke wat 585,000 na zafi, ninki kusan ɗari biyar. Na'urar gaske mai kyau ninki uku zuwa huɗu take yi. Tsarin daidai ne, girman lambar ne ya wuce hankali.

Zainab: Baba Injiniya, akwai na uku, kuma shi ya kai ni ga wasan da zan ba da shawara. A Oxygen Not Included in ka zuƙe iskar ɗaki gaba ɗaya, zafi ba ya tsallakawa ko kaɗan. Amma tsakaninmu da rana babu iska, ga shi zafinta yana iso mu. Zafi yana tafiya a matsayin haske ko da babu abin da zai bi.

Don wannan ɓangaren, Malama, Kerbal Space Program. Ƙera roka ake yi a harba ta. Tun sigar 2015 aka sa zafin dawowa cikin iskar duniya, in ka shigo a tsaye ko ba ka sa garkuwar zafi ba, kumbon ya tarwatse tun kafin ya kai ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka gogayya da iska ce ke kawo wannan zafin. Mafi yawansa daga matse iska ne: kumbon yana gudun da iskar gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta danne ta yi zafi, kamar yadda famfon buga wa taya iska ke ɗumi a hannu. Garkuwar kuma cinyewa take yi a hankali, abin da ya ƙone ya tafi da zafin, kuma a wasan kana kallon lambarta tana raguwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne injin haƙa da na tace ma'adinai a wata duniyar. Ka kunna su babu fuka-fukan zubar da zafi, sai su yi zafi aikinsu ya ragu. Da farko na yi mamaki, tunda ana cewa sararin samaniya sanyi ne da shi. Ashe rashin iska yana nufin babu mai ɗauke maka zafin, hanya ɗaya ce ta rage, ka haskaka shi waje. Manyan fararen allunan nan na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa aikinsu ke nan, amoniya ke zagayawa a cikinsu tana kai musu zafin ciki. Kuma zafin da abu ke haskakawa yana ƙaruwa da sauri ƙwarai bisa ma'aunin Kelbin, wato ma'aunin zafi da ke farawa daga ƙarshen sanyi: in ka ninka ma'aunin sau biyu, abin da yake fitarwa ya ninku sau 16.

Inda ya sassauta: duniyar wasan ƙarama ce, daga tsakiyarta zuwa bayanta kilomita 600, tamu kuwa kusan 6,370. Saboda haka gudun kewaya ta wajen kilomita 2.3 ne a daƙiƙa, na gaske kuwa kusan 7.8.

Maman Khalil: Sannunku da ƙoƙari. Ina bin ku a hankali duk da wasu lambobin sun fi ƙarfina. Ɗana shekararsa goma sha ɗaya, Minecraft kawai ya sani. Akwai wani abu a ciki ko sai na canja masa?

Sadiq: Mama kada ki canja masa, akwai. A saitin sabuwar duniya akwai wurin kunna kayan ilimi, in an kunna sai teburan kemistiri su bayyana. Ɗaya ana zuba furoton da niyutiron da ilektiron a ƙera sinadari, duka 118 na jadawalin suna nan. Ya sa furoton shida ya ga kabon ya fito, ya ƙara biyu ya koma oksijin. Wani teburin kuma ana haɗa su, haidurojin biyu da oksijin ɗaya su ba da ruwa, sodiyam da kulorin su ba da gishiri. Har balan-balan ta hiliyam ana yi.

Ko a wasan na yau da kullum ma, ya gina abu da jan ƙarfe ya bar shi a waje, zai ga yana komawa kore a hankali, in ya shafa masa kakin zuma sai ya tsaya. Haka yake a zahiri. Mutum-mutumin 'yanci na birnin New York da jan ƙarfe aka lulluɓe shi, iska da ruwa ne suka mai da shi kore.

Malama Hadiza: Maman Khalil, wannan kam na san shi, ƙanena yana bugawa. Abu biyu ki lura masa. Akwai wani tubali mai ɗumi da ake haɗawa da ƙarfe da ruwa da gawayi da gishiri. Wannan haɗin gaske ne, shi ne a cikin 'yan jakunkunan ɗumama hannu na ƙasashen sanyi: ƙarfe ne ke yin tsatsa da sauri, tsatsa kuma zafi take fitarwa. Bambancin, na gaske yana mutuwa in ƙarfen ya ƙare, na wasan kuwa har abada yake ɗumi. Na biyu shi ne ƙwallon da ake jefawa ruwa ya daskare, wanda ake yi da sodiyam asitet. Wannan an juya shi ne. Sinadarin in ya daskare kama da ƙanƙara yake a ido, amma zafi yake saki, ba sanyi ba. Ki tambaye shi wane ne gaskiya a cikin biyun, ki bar shi ya nemo.

Maman Khalil: Na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan zauna kusa da shi ya nuna mini.

Malam Nura: Salamu alaikum. Na makara amma bari in sa baki, tunda ba wanda ya ambaci wasannin masana'anta. Factorio, na wani kamfani a birnin Prag na ƙasar Cek, ya fito cikakke a 2020. Abin da nake so da shi, lissafinsa a fili yake. Tukunyar tururi tana ɗaga ruwa daga digiri 15 zuwa 165, injin tururi ɗaya ya ba da kilowat 900. In ka kai ga nukiliya, tururin digiri 500 ne, injinsa ya ba da megawat 5.82. Yaro zai gani da idonsa cewa tururi mai zafi ya fi aiki. Yuraniyam kuma sai da ruwan asid na farar wuta ake haƙo shi, kuma in ka tace, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai ke fitowa irin 235, sauran duk 238. Haka yake a cikin ƙasa, kuma ana amfani da asid ɗin wajen fitar da shi a ma'adinai na gaske. Man fetur ma ana fasa mai nauyi ya koma mara nauyi, kamar a matata.

Amma a sa masa tambayar Injiniya, nan take ya faɗi. Tukunya tana cin megawat 1.8 na kwal, tana ciyar da injina biyu masu kilowat 900 kowanne. A haɗa. Ba a yi asarar ko ɗigo ba. Tun 1824 Sadi Carnot na Faransa ya nuna cewa babu injin zafi da zai iya haka, dole wani kaso ya zube a wuri mai sanyi, kuma iyakar abin da za a samu ya dogara ne da tazarar zafin ciki da sanyin waje. Da tururin digiri 500 da ruwan digiri 15, ko inji marar aibi ba zai wuce kashi 63 cikin ɗari ba. Tashoshin kwal na gaske yawanci tsakanin kashi ɗaya cikin uku ne zuwa ƙasa da rabi. Manyan hasumiyoyin nan masu fitar da farin tururi a tashoshin wuta, ragowar zafin suke zubarwa. A Factorio babu su, don babu abin zubarwa. Har tururi za ka tara a tanki ka dawo bayan sa'o'i ka same shi da zafinsa.

Mubarak: Malam Nura, to in haka ne me ya rage? Kowane wasa aka ambata sai an bi shi da "amma". Ni tsorona kada a ce wa yara gem ya maye gurbin littafi.

Malam Nura: Ba wanda ya ce haka, ɗan'uwa. Ka duba yadda muka gano kurakuran nan: da dokokin da ke cikin littafin muka kama su. Yaron da ya iya nuna maka inda Factorio ya karya doka ta biyu ta zafi, wadda ta ce dole wani kaso ya zube, ya fahimce ta fiye da wanda ya haddace ta. Kuma masu wasan suna sane suka sauƙaƙa, in an sa komai yadda yake kwamfuta ba za ta ɗauka ba, mai wasa ma zai gudu.

Mubarak: Na yarda da rabin maganar. Sauran rabin sai in akwai babba a kusa da zai yi tambayar. Yaro shi kaɗai ba zai tsaya ya ce ina hasumiyar sanyaya ruwa ba.

Injiniya Bashir: Shi ya sa Malama ta buɗe zancen ai. Mubarak, tunda kai mai son tsauri ne, gwada Stationeers. Kamfanin RocketWerkz na New Zealand ne, an fara sakinsa a ƙarshen 2017. A can iskoki suna gauraya, ana auna su da mol da kilofaskal da Kelbin, kuma dokar nan ta matsi da girma da zafi ita ke mulki. Ka ɗumama tankin da yake a rufe, matsi ya hau, ka ƙyale shi bututu ya fashe. Man tanderu kashi biyu na iska mai ci da wuta ne da kashi ɗaya na oksijin, irin rabon haidurojin da oksijin a ruwa. Haɗa ƙarfe kuma ba ya yiwuwa sai zafi da matsi sun shiga iyakar da ake so lokaci guda. Daga baya sun ƙara canjin yanayi, iska tana komawa ruwa a cikin bututu in ta yi sanyi ko an matse ta, da ɓoyayyen zafin da na yi ƙorafi a kai ɗazu. Da shi mutum zai iya gina firji na gaske da hannunsa: matse a nan ya saki zafi, sassauta a can ya sha zafi. Sai dai ba na ba wa ɗan sakandare shi a matsayin farko, yana da wuyar shiga sosai. Malama ke kanki za ki more shi.

Sadiq: Ga masu tsohuwar kwamfuta, The Powder Toy. Ba shi da nauyi, ba shi da labari, fili ne kawai kake zuba abubuwa ka ga me zai faru. Yana lissafa zafi da matsi da motsin iska. Ka zuba ruwa a akwatin ƙarfe ka sa wuta a ƙasa, ka ga tururi, ka sa wani ƙarfe mai sanyi a sama ka ga ya koma ɗigo. Gishiri yana narkar da ƙanƙara. Rubidiyam ya taɓa ruwa ya fashe. Minti biyar ya isa a nuna abu ɗaya a aji.

Noita kuma na wasu 'yan Finlan ne, 2020. Wasan sihiri ne amma kowane ɗigo na allon ana lissafa shi. Mai yana hawa kan ruwa, in ya kama wuta sai ta bi saman ruwan tana ci, tururi ya taru a rufin kogo ya dawo ruwa. Sai dai akwai faɗa da jini a ciki, ba na ƙananan yara ba ne.

Malama Hadiza: Na rubuta The Powder Toy a sama, don rubidiyam da 'yan gidansu irin abin da ba zan taɓa nunawa a aji da hannu ba ne, haɗarin ya yi yawa. Kuma duk wanda zai nuna wa yaro irin wannan, ya haɗa masa da gargaɗi cewa a allo kawai ake gwadawa.

Zainab: Akwai wanda ya buga Zelda, Breath of the Wild? Masu yin sa da kansu sun kira tsarin wuta da ruwa da iska na ciki injin kemistiri. Ka cinna wa ciyawa wuta, iska mai zafi ta tashi sama ta ɗaga ka da lemarka. Wannan daidai ne, iska in ta yi zafi tana faɗaɗa ta rage nauyi. Amma batun cewa takobin ƙarfe ne ke jawo tsawa, a zahiri tsayi da tsini da kasancewa kai kaɗai a fili sun fi ƙarfen da ke jikinka muhimmanci. Kada wani ya ajiye makullinsa ya ɗauka ya tsira a tsakiyar fili.

Malam Nura: Bari in ƙara ɗaya da na fi ƙauna, don ɓangaren ma'adinai. Dwarf Fortress, 'yan'uwa biyu ne suka yi shi, Tarn da Zach Adams, a 2006 aka fara sakinsa. Duwatsun ciki sunayensu na gaske ne kuma abin da suke bayarwa na gaske ne: hematait da magnetait tama ce, malakait jan ƙarfe, kasitarait kuza, galena dalma. Tagulla sai ka haɗa jan ƙarfe da kuza. Ƙarfe mai ƙarfi kuwa sai da gawayi ko gasasshen kwal, da dutsen farar ƙasa. A tanderun gaske aikin farar ƙasar shi ne ta kama yashi da dattin da ke cikin tama su taso sama a kwashe, gawayin kuma ya ƙwace oksijin daga tamar. Sabulu ma sai ka ƙona itace ka samu toka, ka jiƙa ta ka samu ruwan toka, ka haɗa da kitse. Babi guda ne na littafin kemistiri a jere. Kuma kowane abu da ma'aunin narkewarsa, in ka yi famfon tura narkakken dutse da kayan da ba za su jure ba, narkewa zai yi.

Satisfactory ma ya taɓo alminiyam, daga jar ƙasar bokzait zuwa ruwan alumina zuwa ƙarfe. Jerin ya yi kama da na gaske, amma ya tsallake soda mai ƙuna da ake narkar da ƙasar da ita, ya kuma tsallake babban matakin, wato raba alumina da wutar lantarki a zafin da ya haura digiri 900, hanyar da Hall da Héroult suka gano a 1886.

Dokta Rabi: Ina karantawa tun ɗazu. Duk waɗanda kuka lissafa kwaikwayon kimiyya suke yi. Akwai wanda shi kansa aikin kimiyyar ne: Foldit, daga Jami'ar Washington a Amurka, 2008. Ana ba ka sarƙar furotin ka lanƙwasa ta, makinka yana hawa gwargwadon yadda ka rage makamashin siffar, domin furotin a jiki yana kwanciya ne a siffar da ta fi ƙarancin makamashi. Sassan da ba sa son ruwa ka ɓoye su a ciki, masu son ruwa a waje, kada atam biyu su yi karo. A 2011 masu wasan sun warware siffar wani inzayim na ƙwayar cutar birai mai dangantaka da ƙanjamau cikin kusan mako uku, bayan masana sun shafe fiye da shekara goma a kai. David Baker, wanda wasan ya fito daga ɗakin bincikensa, yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 2024. Malama Hadiza, ga 'yan ajinki masu son likitanci ko haɗa magunguna, wannan nake ba su.

Mubarak: Dokta, wannan kam ba ni da "amma" a kansa. SpaceChem fa? Sunan ya ja ni.

Dokta Rabi: Wasa ne mai kyau na 2011, amma tunanin tsara aiki yake koyarwa, irin na masu rubuta manhaja. Ana ɗaukar atam a ɗaura a kwance, kuma kowanne da iyakar ɗaurin da yake karɓa, haidurojin ɗaya, kabon huɗu. Zafi ko makamashin haɗuwar ba sa cikin lissafin. Ka buga shi don kaifin ƙwaƙwalwa.

Malama Hadiza: Kai, Allah ya saka wa kowa da alheri, na samu fiye da abin da na zo nema. Ga yadda zan fara. The Powder Toy a aji don canjin yanayi da sinadaran rukuni na ɗaya, su rubidiyam. Lissafin tukunyar Malam Nura in mun kai dokokin zafi. Foldit ga masu so a gida. Shi kuma yaron nan zan ba shi lissafin Aquatuner ya yi a gaban aji, sannan in ƙara masa wani da na hango yanzu: Injiniya, 'yan mutanen Oxygen Not Included, iska nawa suke shaƙa, nawa suke fitarwa?

Injiniya Bashir: Giram 100 na oksijin a daƙiƙa, su fitar da giram 2 na kabon-dayoksaid. Mutum na gaske bai cika kilo ɗaya na oksijin a yini guda ba, kuma nauyin kabon-dayoksaid da yake fitarwa ya ɗan fi na oksijin da ya shaƙa, tunda kabon ya hau kai. Ki tambaye shi ina giram 98 suka shiga. Ki ce kuma ya zo da hoton sansaninsa da taswirar zafi a kunne, ki turo mana nan, ina so in ga inda ya ajiye baturansa.

Sadiq: Malama in zai yi gwaji a wasan, ya buɗe sabuwar duniya a yanayin gwaji, a can ana iya zuba ruwa ko iska a kowane ma'aunin zafi ba sai an jira an gina komai ba. Akwati biyu, ɗaya ruwa ɗaya ɗanyen mai, nauyi ɗaya, zafi ɗaya, a sa musu abin ɗumamawa iri ɗaya, 'yan aji su faɗi wanda zai riga zafi kafin a saki lokaci.